Wutar ABS ta kama a motarka? Kada ka manna mata salatif

  Kamar yadda muka saba, ga shi a rubuce saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, da 'yan'uwanmu na ƙauye da sabis ke yi wa wasan ɓuya.

Yau maganar a-kori-kura za mu yi, musamman wani ɗan abu da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ke maƙale a bayan kowace taya. Mu a gareji sensa muke ce masa, ko sensar ABS. Aikinsa ɗaya ne tak: ya riƙa ƙirga saurin juyawar tayar. Amma in ya fara ƙarya, zai iya sa ka taka birki mota ta ƙi tsayawa inda kake so. Bari in fara da abin da ya sa na zaɓi wannan maganar.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da Hilux tsohuwa. Da ita yake ɗauko buhunan shinkafa da gero daga wajen Ruwan Gizo zuwa Talata Mafara ranar kasuwa, wani lokacin ya leƙa Bakura ko Maradun in an samu lodi. Bayan damina ya zo mini gareji da la'asar, fuskarsa ba annuri. Ya ce: "Kai yaro, motar nan ta kusa ja mini abin da ba ni iya biya. Na zo bakin kasuwa a hankali, na taka birki, sai feda ta kama rawa ƙarƙashin ƙafata, gurr-gurr, mota na ta silalewa. Saura taki ɗaya in hau wani yaro mai baro."

Na ce: "Kawu, gudu kuke yi?" Ya ce wane gudu, ai ko mai keke ya fi shi sauri a lokacin. Na ce wuta ba ta kama a dashbod ba? Sai ya yi shiru. Da na leƙa, ga baƙin salatif an manna daidai inda wutar ABS take. Ashe tun cikin damina take kamawa tana mutuwa, wani ya ce masa ai wutar banza ce, kayan Turawa ne, ya rufe ta ya huta. Da abin ya yi tsanani ya je wani wuri aka canza masa sensa sabuwa, matsala ba ta tafi ba. Sai aka ce famfon ABS ne ya mutu, ko dai ya sayi wani, ko a cire tsarin gaba ɗaya. Kuɗin da aka faɗa masa ya kusa cinye ribar kakarsa.

Zan dawo kan abin da muka gano. Amma sai mun fahimci yadda abin ke aiki tukuna, in ba haka ba mu ma canki-canka za mu yi.

Yadda sensa ke aiki

ABS ba sabon abu ba ne. A 1978 kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da shi a manyan motocinsu na alfarma, wato shekarar da aka kammala madatsar ruwan Bakolori ɗin nan tamu. Yanzu kuwa da wuya ka ga sabuwar Hilux ko Ford Ranger ko Mitsubishi L200 ko Nissan Navara da ba ta da shi.

Ga hikimar. In ka danna birki da ƙarfi har taya ta daina juyawa tana jan ƙasa, to sitiyari ya zama ado. Ko ina ka murɗa, mota inda ta nufa can za ta tafi. Don haka aka sa sensa a ƙafafun mota, kusa da wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya. Kowane haƙori ya gifta, sensa ta aika saƙo ga ƙwaƙwalwar ABS. Ita kuma tana kwatanta tayoyin huɗu. In ta ga ɗaya na shirin ƙamewa alhali sauran na gudu, sai ta sassauta man birkin wannan tayar, ta sake matsawa, ta sassauta, ta matsa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan rawar da feda ke yi, ita ce. In a birkin gaggawa ka ji ta, ba lalacewa ba ce, aiki ne. Kada ka ɗaga ƙafa, ci gaba da dannawa kana juya sitiyari.

Kuma in faɗi gaskiya, a kan yashi ko tsakuwa ABS kan iya ƙara tsawon wurin da mota za ta tsaya. Shi ya sa wasu direbobin ƙauye ba sa son sa. Amma abin da yake ba ka shi ne ikon kaucewa. A titin Gusau zuwa Sakkwato, ranar da aka yi yayyafi kwalta ta yi santsi, saniya ta faɗo maka, wannan ikon ne tsakaninka da rami.

A-kori-kura tana da wani hali na daban. In ba lodi, bayanta ba nauyi, tayoyin baya ne ke saurin ƙamewa, mota ta juya da kai. In ta ɗauki buhu ashirin, lissafin ya sauya. Tsofaffin motoci wani bawul ne a baya ke daidaita wannan gwargwadon nauyi. A yawancin sababbi kuwa, ƙwaƙwalwar ABS ce ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, kuma da bayanin sensa take yi. Ka ga ke nan wanda ya ce maka a cire a yar, bai san iyakar abin da yake cirewa ba.

Sensa iri biyu ce, kuma wannan bambancin shi ne inda yara da yawa a gareji ke faɗawa. Ta dā, mayen ƙarfe ne a ciki da siririyar waya a naɗe. Ba ta buƙatar wuta daga batir, ita ke haifar da tata 'yar wutar in haƙora na wucewa. In taya na gudu saƙon ya yi ƙarfi, in ta rage gudu saƙon ya yi rauni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ta zamani kuwa sai an ba ta wuta take aiki, tana iya karanta taya ko da tafiyar hawainiya take, kuma sau da yawa ba haƙoran ƙarfe take karantawa ba, wani zoben maganaɗisu ne da aka haɗa a jikin boris.

Alamomi

Da ka murɗa makulli, wutar ABS mai ruwan ɗorawa za ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Haka lafiyayyar mota take. In ta ƙi mutuwa, ko ta dawo bayan ka fara tafiya, ƙwaƙwalwa ta ga matsala ta kashe ABS. Birkinka na yau da kullum yana nan, amma kariyar ta tafi. In kuwa ba ta kama ba sam tun farko, to wataƙila wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi. Masu zuwa sayen mota ta hannu, ku lura da wannan sosai.

In wutar ABS da jar wutar birki suka kama tare, alhali ka sauke birkin hannu, wannan ba ta "bari in kai gida" ba ce. Nemi wuri ka tsaya, ka duba man birki. A sababbin motoci za ka iya ganin wutar santsi ta biyo baya, a wasu ma allurar gudu ta riƙa tsalle ko ta kwanta, domin duk daga sensa ɗaya suke shan bayani. Sai wani abu da ke rikita mutane: a Hilux mai makullin difaranshal na baya, in ka kunna shi wutar ABS kan kama da gangan. Ka kashe shi ka gani kafin ka kira makanike.

Mafi haɗari ita ce irin ta Kawu: feda na rawa a lokacin da mota ta kusa tsayawa, a busasshiyar hanya, wani lokacin ko wuta ba ta kamawa. Ba mu kaɗai ba ne. A 2005 kamfanin General Motors a Amurka ya janye motoci kusan dubu 800, cikinsu har da a-kori-kura ƙirar Chevrolet Silverado da GMC Sierra, saboda tsatsa na taruwa a ƙarƙashin sensa tana ɗaga ta, ABS ya riƙa shiga aiki a ƙaramin gudu ba dalili. Su gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ne ya ja musu. Mu namu gishirin shi ne lakar fadama da ruwan damina.

Kafin ka sayi komai

Na farko, batir. In mota a kashe take, lafiyayyen batir zai nuna wajen 12.4 zuwa 12.6 a mita. In inji na aiki, wajen 13.5 zuwa 14.5. Raunin wuta kaɗai kan kunna wutar ABS. Duba fis, duba man birki, sannan ka zagaya ka karanta lambar da ke jikin tayoyin nan huɗu. Mu nan mun saba, taya ta fashe a hanya, a sa duk wadda aka samu. In ɗaya ta fi sauran ƙanƙanta sosai za ta fi su saurin juyawa, ƙwaƙwalwa kuma ba ta san labarin fashewar taya ba, ita dai ta ga lissafi bai daidaita ba.

Na biyu, a sa wa motar kwamfuta. Amma ku sani, ƙananan na'urorin nan masu arha da ake haɗawa da waya, da yawansu inji kawai suke karantawa. Sai ta ce maka ba matsala alhali wuta na kallonka. Nemi mai na'urar da ke shiga sashen ABS. A yawancin motocin Toyota, C0200 na nufin gaba dama, C0205 gaba hagu, C0210 baya dama, C0215 baya hagu. Wasu kamfanonin kuma C0035 da C0040 da C0045 da C0050 suke amfani da su.

To a nan nake so ku buɗe kunne. Lambar ba ta ce "sensa ta mutu" ba. Cewa ta yi "saƙon wannan ƙafar ba ya zuwa daidai". Kamar ka kira mutum a waya ba ta shiga ba ne. Wataƙila wayarsa ce ta lalace, wataƙila caji ne babu, wataƙila sabis ne. Lambar ta nuna maka ƙafar da za ka durƙusa a gabanta, sauran aikin na idonka ne.

Na uku, bi waya. Wallahi a abin da nake gani a garejinmu, waya da soket sun fi sensar kanta yawan laifi. Wayar gaba kullum cikin lanƙwasa take, sitiyari ya ja ta, gargada ta ja ta. Bayan girbi mota ta shiga gona, karan dawa ya fizge ta. Motar da ke ɗaukar hatsi kuma ɓera ba ya rabuwa da ita, shi kuwa ba ruwansa, waya ma abinci ce. Ga masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi cikin soket, bayan sati biyu ka buɗe ka ga ya yi kore. Ga wanda ya canza shokozoba ya manta bai mayar da wayar cikin maƙalanta ba, taya ta yi ta gogar ta har ta cinye. Wani lokacin roba lafiya lau a waje, amma zaren ciki ya tsinke. Shi ya sa muke jijjiga wayar da hannu muna kallon mita.

Na huɗu, ɗaga ƙafar, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, ko kana jin gurnani in ka juya ta, ka tuhumi boris. Boris in ya saki, zoben zai riƙa matsowa yana nisa da bakin sensa, saƙo ya riƙa yankewa.

Na biyar, awo. In irin ta dā ce, cire soket ka auna da mita. Yawanci za ka samu wajen om 1,000 zuwa 2,000, amma kowace mota da nata adadin, don haka dabara mafi sauƙi ita ce ka auna ta ɗaya gefen ka kwatanta. Sannan ka mayar da mita wajen wutar AC, wani ya juya taya da hannu, ka ga ko tana haifar da wuta. In kuwa ta zamani ce, wannan awon ba zai gaya maka gaskiya ba, kana ma iya lahanta ta. Ita sai dai a duba ko wuta na isa gare ta, sannan a kalli saurin tayoyin huɗu a kwamfuta ana cikin tafiya.

Abin da muka gano a motar Kawu

Wannan na ƙarshen muka yi. Na zauna gefe da na'ura a cinya, Kawu na tuƙi a wani fili. Muna cikin gudu duk huɗun bakinsu ɗaya. Da ya fara rage gudu ya kusa tsayawa, uku na nuna mota na tafiya, ta gaba hagu ta faɗi sifili. Nan take feda ta kama rawa. Na ce: "Kawu, kun gani? Famfonku lafiyarsa ƙalau. Umarni yake bi. An gaya masa tayar nan ta ƙame, shi ya sa yake sakar mata birki."

Ka tuna na ce sensa irin ta dā saƙonta na rauni in gudu ya ragu? To tasa irin ta ce. Da muka kwance, sabuwar sensar da ya saya ba ta ma zauna daidai ba, an ɗora ta a kan tsatsa da busasshiyar laka. Bakinta kuma ya yi gemu da garin ƙarfe, domin mayen ƙarfe ne, duk abin da boris ke ci yana zubarwa ita ke kwashewa. Boris ɗin ya saki, ruwa ya shiga ya wanke giris tun lokacin da yake ratsa laka da damina. Muka canza boris, muka wanke zoben, muka kankare mazaunin, muka mayar da sensar nan dai da ya riga ya saya. Shi ke nan. Da ya tafi na ɗauko tsohuwar da aka cire masa, wadda ya ajiye a aljihun ƙofa, na auna. Lafiyarta lau. Kuɗin farko ma a banza ya kashe.

In ta tabbata sensar ce

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. Ajiye mota a wuri mai daidai, ja birkin hannu, sa weji, kashe inji ka zare makulli. In ka ɗaga da jak, tokare da abin da zai riƙe ta. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a kan ƙasa mai laushi.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton yadda wayar ta bi da wayarka. Cire soket, kwance notin, yawanci sifana lamba 10 ce. In ta ƙi fita, fesa mata man sassauta tsatsa, ka ba ta lokaci, ka riƙa murɗa ta hagu da dama a hankali. Jikinta roba ne. In ka sa guduma za ta karye a ciki, aikin minti talatin ya zama na yini. Ta fita, toshe ramin da tsumma mai tsabta, ka kankare mazaunin har ƙarfe ya yi haske, sannan ka haska tocila ka juya ƙafar ka duba haƙoran zobe ɗaya bayan ɗaya, ko akwai karyayye ko cushe da datti. A ƙafar baya ka duba ko mai na yoyo daga sil.

Jera sabuwa da tsohuwa ka gani: tsawon baki, tsawon waya, kan soket. Ta hagu daban, ta dama daban, ta gaba daban, ta baya daban, kuma Hilux ta 2008 ba lalle ta yi daidai da ta 2018 ba. In za ka aika saye Gusau ko Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano, tura hoton tsohuwar da lambar jikinta da lambar shasin mota. "Ai duk ɗaya ne" ta jawo wa mutane asara da yawa. In ta hannu za ka saya, a yi sharaɗin gwaji.

Zaunar da ita ta kwanta daram, ɗaure noti daidai ba tare da ka nuna masa ƙarfi ba. Mayar da waya cikin kowane maƙali, ka juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu ka tabbata ba ta miƙe tsam ba, ba ta kuma taɓa taya. In waya ce ta tsinke kuma dole sai an haɗa, a liƙe da dalma a rufe yadda ruwa ba zai shiga ba. Murɗa zare biyu a naɗe da salatif, damina ɗaya zai kai ka. Masu canza boris mai zoben maganaɗisu kuma, yana da fuska da ƙeya. In ka juya shi, sensa ba abin da za ta karanta, sai an sake kwancewa.

Daga ƙarshe a goge lambar, ka fita gwaji. A wasu motocin wutar kan mutu da kanta bayan ka ɗan yi tafiya. Nemi fili da ba mutane ba dabbobi, ka taka birki da ƙarfi sau ɗaya ka ji feda ta yi rawarta ta gaskiya. Sannan ka tsaya a hankali sau da yawa ka tabbata ba ta rawar ƙarya.

Jama'a, kun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Kowane direba a yankin nan burinsa ya sauke lodi ya koma gida kafin magariba, ba wanda ke son tsayuwar dole a daji, don haka ƙafa kan yi nauyi a kan totur. Wanda zai yi sauri kuwa, ya fi kowa buƙatar birkin da ya amince da shi. Matasa masu koyon gyara, ku koyi awo kafin ku koyi canzawa. Direbobi kuma, in an ce muku "a canza", ku tambaya: me aka auna, me ya nuna?

Kawu dai da zai tafi, da hannunsa ya ɓanɓare salatif ɗin nan. Ya murɗa makulli, wuta ta kama, muka yi shiru muna kallo, ta mutu. Ya ce: "Allah shi yi maka albarka, ɗana." Na ce amin, amma kuɗin boris fa yana nan.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar man birki, da dalilin da ya sa bai kamata a bar shi shekara da shekaru ba a canza ba. Mai tambaya ya turo, mai gyara ya gyara mana. Ku tura wa direban da kuka sani. Allah ya tsare hanya, ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.